Me ƙasusuwan Rumawan dā ke faɗa game da abincinsu?

Ta yaya ƙashi zai tona abin da mutum ya ci?

Da abinci ake gina jiki. A cikin ƙashi akwai sinadarin kolajin, wanda ke sabuntawa sannu a hankali cikin shekaru. Masana kan yanki ɗan guntun haƙarƙari, su tace kolajin ɗin, su auna irin sinadaran kabon da naitirojin da ke ciki, domin kowannensu akwai mai nauyi da mara nauyi. Wanda ya saba cin kifin teku, naitirojinsa mai nauyi kan yi yawa. Gero kuwa, tambarin kabon da yake bari daban yake da na alkama da sha'ir.

A ina aka gwada wannan?

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Herkulaniyum, wani tsohon garin Rumawa kusa da Napoli a Italiya. A shekara ta 79 miladiyya, da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta, mutum kimanin 300 suka fake a rumfunan ajiye kwale-kwale a bakin teku, ajali ya riske su tare. A 2021 masanan Jami'ar York suka fitar da sakamakon auna 17 daga cikinsu, maza 11, mata 6. Mazan sun fi cin kifi da hatsi, matan kuma sun fi dogara da abin da dabbobin gida ke bayarwa da kayan lambu. Gari ɗaya ne, amma kwanon namiji daban, na mace daban.

Mayaƙan dandali fa, masu gwabzawa a gaban 'yan kallo, ba nama suke sha ba?

A'a. Ƙasusuwansu da aka tono a Afisa, cikin Turkiyya ta yau, sun nuna hatsi da wake ne cimarsu, kuma tun a zamanin ana kiransu masu cin sha'ir. An kuma sami sinadarin sitirontiyom da yawa a ƙashinsu, wanda ake dangantawa da ruwan tokar da suke sha don ƙarin ƙarfi.

Talaka fa?

Nan ne aikin ya fi daraja a ganina, domin marubutan Rum liyafar attajirai suka fi kwatantawa. Ƙasusuwan wata maƙabarta a wajen birnin Rum sun nuna mazauna can sun fi na kusa da ganuwa cin gero.

Ƙashi zai iya faɗar yadda ake girkin?

Ba zai iya ba, rukunin abinci kawai yake nunawa. Sauran bayanin sai daga magudanar masai ta Herkulaniyum, inda aka tsinci ƙwayar ɓaure da ta zaitun, ɓawon ƙwai da ƙayar kifi.