Waiwaye: Yadda ɗan jaridar sa-kai ya samu kansa ba kati, ga shari'a

Duk lokacin da aka tsare wani matashi a Najeriya saboda bidiyon asibiti ko na wata gada da ya ɗora a Facebook, sai gardama ta dawo sabuwa: ɗan jarida ne ko ɗan soshiyal midiya? Masu katin aiki su ce bai san ƙa'ida ba, jama'ar unguwa su ce ba don shi ba da ba wanda ya ji kukansu. Maganar ta girmi wayar da ke hannunsa.

Tun 1903 aka yi dokar rajistar jaridu, dokar hana tunzura jama'a ta biyo baya a 1909. A Arewa kundin hukunta laifuka na Final Kod ya sa ɓata suna cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Dokar Majalisar 'Yan Jarida ta 1992 kuma ta ce ba a kiran mutum ɗan jarida sai ya samu horon aikin kuma ya yi rajista. Duk an yi su ne a zamanin da wallafa labari sai mai injin ɗab'i ko gidan rediyo.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 2011. Dokoki biyu da suka shafi wannan batu aka yi a cikinta. Ta 'yancin samun bayanai ta sha tafi, domin ta ba kowane mutum, da kati ko babu, damar neman takardun hukuma. Ɗayar kuwa, sabuwar dokar shaida, lauyoyi kaɗai suka damu da ita. Tsohuwar da ta maye gurbinta tun shekarun 1940 take, ba ta san kwamfuta ba, har kotuna suka riƙa saɓani kan karɓar abin da aka buga daga na'ura. Sashe na 84 na sabuwar dokar ya warware wannan: abin da ya fito daga kwamfuta ko waya shaida ne, muddin an bi sharuɗɗan tabbatar da na'urar. Gyara ne da ya dace, bankuna da masu ƙarar zaɓe sun daɗe suna jiransa. Amma daga ranar, rubutun da mutum ya yi a kan benci wajen mai shayi ya zama takardar da za a iya miƙa wa alƙali, ko da ya goge shi, in wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Watanni kaɗan bayan haka, a zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012, wayoyin talakawa suka riga jaridu kai labari.

Saboda haka da dokar laifukan intanet ta zo a 2015, hanya a share ta tarar. Sashe na 24 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon cin mutunci ko ɓata rai. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2024 kuma aka rage faɗinsa.

Ɓangaren kariya ne bai motsa ba. Ma'aikacin jarida yana da edita da zai tace, da lauyan kamfani, da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da za ta je ofishin 'yan sanda. Katin ɗaukar rahoton zaɓe ma ta hannun kafar yaɗa labarai ake nemansa. Ɗan sa-kai kuwa shi ne wakili, shi ne edita, shi ne mawallafi, kuma in ta ɓaci, yayansa ne zai yi yawon neman mai tsaya masa beli.