Bakin Kaza Ba Farce Ba Ne

Ranar Talata na shiga wani gida a Aboabo, nan Kumasi, na tarar an ɗora wuƙa a kan kurfoti har ta yi ja. Kajin Hajiya ne masu ƙwai suka fara caccakar juna, ɗaya duk gindinta jini. Na ce, "Hajiya, wuƙar nan fa?" Ta ce, "Malam, baki za mu rage masu. Ai kamar yankan farce ne."

Na roƙe ta a sauke wuƙar tukuna.

Ƙarƙashin ɓawon bakin kaza akwai nama mai rai, kuma tsininsa cike yake da ƙananan jijiyoyi masu jin taɓi. Da shi take bambance ƙwayar masara da tsakuwa, da shi take gyara gashinta, take juya ƙwai idan tana kwanci. Agwagwa ma ta fi ta: tana cusa baki cikin taɓo, ido bai ga komai ba, ta tsamo abinci. Saƙon taɓin yana bin babbar jijiyar fuska, irin wadda ke kai mana zafin ciwon haƙori. A jikinmu sai ya yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin ya ƙarasa. A tsuntsu kuwa ba ya tsayawa a wannan zangon, gaban ƙwaƙwalwa yake wucewa. Idan aka datse bakin babbar kaza, jijiyoyin da aka yanke sukan dunƙule a dungun, ciwon ya ɗauki makonni. Ci ya ragu, ƙwai ya biyo baya. Shi ya sa inda rage baki ya zama dole, ƙwararre ke yi, tun tsako bai kai kwana 10 ba.

To me ke jawo caccakar? A akurkin Hajiya abu uku na gani: cunkoso, dusa zalla babu abin gina jiki, sai wani ƙwan lantarki mai haske kamar na filin ƙwallo, a kunne har asuba.

Idon kaza ya fi namu gane launi. Ƙwayoyin gane launi iri 4 gare ta, mu 3, kuma jan jini yana fizgarta. Da zarar ɗaya ta ji rauni, a ware ta nan take. Haske kuma ba ta ido kaɗai yake shigarta ba, yana ratsa ƙoƙon kai ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani masani a Faransa, Jacques Benoit, ya nuna haka a kan agwagi tun 1935. Awa 16 na haske a yini ya ishi mai ƙwai, hasken rana a ciki, sauran ta yi barci cikin duhu.

Hajiya ta tambaya ko a barbaɗa barkono a kan raunin don sauran su gudu. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono, asarar barkonon miya kawai za a yi.

Mun raba kajin gida biyu, mun sauya ƙwan lantarkin da mara ƙarfi, mun rataya ganyen kontomire (wato ganyen gwaza) da zogale su riƙa tsattsaga, muka zuba ƙaiƙayi a ƙasa don su sami abin tono. Wanda kajinsa ba su daina ba bayan mako guda, ya kira ma'aikacin dabbobi na unguwarsu ya duba abincin da kuma ƙwarƙwata.