Takardar koke: abin da take nufi, da yadda matan Cheroki suka yi amfani da ita

Takardar koke rubutu ne da jama'a ke haɗuwa su sa wa hannu, su miƙa wa masu iko, suna neman a yi wani abu ko a fasa shi. A yau har ta intanet ake tara sunaye. Ba ƙarar kotu ba ce, don babu alƙalin da zai tilasta a yi aiki da ita. Nauyinta ya dogara ga waɗanda suka sa hannu da kuma hujjar da suka kafa.

Wanda yake ganin koke roƙo ne kawai, ya duba abin da matan Cheroki suka rubuta. Cheroki suna cikin mutanen asali na kudu maso gabashin Amurka, a yankin Jojiya da Tenesi da Alabama. Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun matsa musu lamba su sallama ƙasarsu, su ƙaura yamma da kogin Misisipi. A ranar 2 ga Mayu 1817, wata dattijuwa mai girman matsayi, Nancy Ward, da wasu mata 12 suka aika wa majalisar ƙabilarsu takarda: kada a ƙara sayar da ƙasa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka kira shugabannin: 'ya'yanmu abin ƙauna. Wannan ba daɗin baki ba ne. A al'adarsu, yaro dangin uwarsa yake bi, gida na mace ne, ita ke noman masara. Saboda haka uwaye ne ke tuna wa 'ya'yansu cewa a kan wannan ƙasa suka goye su. A 1818 suka sake rubutawa, suka nace cewa ƙasa ta kowa ce, kada a yanka ta a raba wa ɗaiɗaikun mutane, domin filin mutum ɗaya ya fi sauƙin saye.

Sai dai akwai ɗaci a ciki. A da, mata irin su Nancy Ward a bainar majalisa suke magana da bakinsu. Komawarsu ga takarda alama ce cewa ana janye musu tabarma, kuma tsarin mulkin Cheroki na 1827 maza kaɗai ya ba wa ƙuri'a. An kuma sallama wasu filaye a 1817 da 1819, duk da koken.

Maƙwabtansu Cokto na Misisipi sun ga irin haka. A taron Dancing Rabbit Creek na Satumba 1830, jama'a da yawa sun ƙi amincewa suka watse, sannan shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙaura.

Koke mafi girma ya zo ne a 1836. Wasu 'yan tsiraru cikin Cheroki sun sa hannu a yarjejeniyar New Echota, ta sallama ƙasarsu da ƙaura yamma, a Disamba 1835 ba da izinin majalisarsu ba. Babban shugabansu John Ross ya kai wa majalisar dokokin Amurka takardar ƙin yarda da ita mai sunaye kimanin 15,000, wato mafi yawan al'ummar. Majalisar dattawa ta tabbatar da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1838 sojojin Amurka suka tattara Cheroki aka kora su zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, kuma an ƙiyasta kusan mutum 4,000 sun mutu a sansanonin tsarewa da kan hanya.