Tallan sari-ka-noƙe a Abuja: kafin ka fesa wa bango fenti

Duk mai bin hanyar Kubwa ko ta Nyanya da sassafe ya san abin da nake nufi. Jiya da magariba ginshiƙin gada fes yake, yau ka tarar an fesa masa jan fenti: lambar waya, a ƙarƙashinta "maganin basir" ko "muna haƙa rijiyar burtsatse". Ba wanda ya ga mai rubutun. Wannan shi ne mafi sauƙin nau'in tallan sari-ka-noƙe, wanda 'yan kasuwa suka aro salonsa daga yaƙin sunƙuru: ba ka da kuɗin hayar katafaren allo ko na rediyo, sai ka yi amfani da dabara da ba-zata. Akwai masu manna sitika a bayan keke da ƙofar bas, akwai masu tara matasa da riguna iri ɗaya su ɓarke da rawa a bakin kasuwa, akwai masu ajiye wani abin mamaki a hanya don a ɗauka a waya a yaɗa.

Ina son wannan basirar, domin ita ce makamin mai ƙaramin jari. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu yin ta ba su san dokokin da suke takawa ba sai an riƙe musu wuyan riga.

Kwanakin baya ɗan yayata, da ya buɗe shagon wanki da guga a Kubwa, ya zo mini da kwali ya yanke haruffa da reza tsaf, da gwangwanin fenti biyu a leda. Shirinsa cikin dare ɗaya ya bi gadoji biyar. Ya ce, "Kawu, bangon gwamnati ne fa, ba na kowa ba." Na ce masa ya ajiye ledar tukuna, ya zauna.

Tambayar farko da doka ke yi ita ce: wurin na wane ne? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kula da tallan waje da kafa alluna cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar jerin haraji ta 1998 ma ta sa kuɗin izinin allo da talla a kason su. Abuja na da ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Sannan Hukumar Birnin Tarayya na da nata sashen kula da tallan waje da alluna, wato DOAS, wanda ke ba da izini, yake kuma cire abin da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba. An sha ja-in-ja tsakanin wannan sashe da AMAC kan wa ya cancanci karɓar kuɗin, musamman na motocin da aka rubuta wa talla a jiki, kuma ɗan kasuwa ne ke shan wahalar wannan rikici. A ganina bai dace a bar talaka yana biya sau biyu ba don hukumomi sun kasa daidaitawa. Amma rikicinsu bai mayar da bango na banza ba. Ka biya ta hanyar da aka tanada, ka karɓi rasit, ka adana shi. Ka kuma tuna Kubwa a ƙarƙashin Bwari take, Mararraba kuwa tana jihar Nasarawa, don haka takardar da ta yi maka aiki a Wuse, da ke ƙarƙashin AMAC, ba lallai ta tsallake da kai can ba.

Gada, turken fitilar titi, katangar makaranta da alamar hanya kuwa, ba maganar kuɗin izini ba ce kawai. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Abuja ta fassara laifin ɓarna a sashe na 326: mutum ya lalata dukiya, ko ya sauya ta yadda darajarta ko amfaninta zai ragu, alhali ya san zai jawo wa jama'a ko wani asara. Sashe na 327 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko tara, ko duka. Sitikar da ta rufe alamar kwana a titi mai gudu ta rage amfanin alamar, kuma rai na iya salwanta a dalilinta. Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ita ma tana da hurumi kan ƙazantar da gari, tana kuma gurfanar da mutane a kotun tafi-da-gidanka. Katangar gidan mutum fa? Sai da yardarsa, kuma gara a rubuce.

Tambaya ta biyu: me tallan ke cewa? A nan ARCON ke shigowa, hukumar kula da harkar talla da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar APCON. Sashe na 54 na dokar ya ce duk wanda ya shirya ko ya fitar da talla ta kowace kafa ga kasuwar Najeriya ba tare da kwamitin tantancewa ya amince tun farko ba, ya yi laifi. Wurin da nake so a lura shi ne sashen ya ambaci wanda ya ɗauki nauyin tallan da wanda zai ci moriyarsa. Ma'ana, "ai yara na ba, ban san inda suka manna ba" ba za ta fisshe ka ba. Lambar wayar da ka bari a bango sa hannunka ce, kuma layin da sunanka aka yi masa rajista. Kamfanoni sun ƙalubalanci iyakar ikon ARCON a kotu, musamman kan tallan waje, amma mai shagon wanki ba shi da kuɗin lauyan da zai yi wannan doguwar shari'a. Idan kuma magani ne, ko da na gargajiya, akwai ƙarin ƙofa: sai NAFDAC ta amince da tallan kafin ya fita.

Wata dabarar da ake ɗauka wayo ce ita ce buga hatimin shago ko rubuta lambar waya a jikin takardar naira, don ta zaga hannun dubban mutane kyauta. Kada ka soma. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya lissafa rubutu, buga hatimi, hudawa da ƙazantar da naira cikin wulaƙanta ta, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Wannan sashen ne dai EFCC ke gurfanar da masu liƙi a biki da shi.

Sai abin da ya fi tsorata ni. A ranar 31 ga Janairun 2007, a birnin Boston na Amurka, an gano wasu ƙananan alluna masu fitilu da wayoyi da batura da aka rataya tun kafin ranar a gadoji da tashoshi don tallan wani shirin tashar talabijin ta Cartoon Network. 'Yan sanda suka ɗauka bama-bamai ne, aka rufe hanyoyi, gari ya tsaya cik. Kamfanin Turner mai tashar da kamfanin tallan suka biya dala miliyan 2, shugaban tashar ya ajiye aiki, matasa biyun da suka rataya allunan kuma su aka kama. Yanzu ka kawo wannan Abuja, garin da bai manta da harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ba, ko na tashar Nyanya na Afrilun 2014. Ka ajiye akwati mai ƙyalli a tashar mota don a taru a yi mamaki, ko ka shirya wasan garkuwa da mutum na ƙarya don bidiyo. Kafin ka buɗe baki ka ce talla ce, mai bindiga ko fusataccen taro sun riga sun yanke hukunci. Jirgi mara matuƙi da wasu ke son ɗaga tuta da shi ma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da tantancewar ofishin mai ba da shawara kan tsaro.

Kuma a duk waɗannan, wanda ake fara kamawa shi ne yaron da aka ba bokitin gam da kuɗin mota, ƙarfe biyu na dare, shi kaɗai a ƙarƙashin gada. Mai kayan yana gida yana barci. Idan kai ne yaron, ka tambayi wanda ya aike ka takardar izini, ka riƙe kwafinta a aljihu. Idan ya ce babu, ya riga ya gaya maka wanda zai kwana a caji ofis.

Ba-zatan da doka ta bari a yi wa masu wucewa ne. Mai wurin da hukuma kuwa a sanar da su tun da wuri. Ɗan yayata bai jefar da kwalinsa ba. Ya fesa haruffan a jikin jakunkunan da yake mayar wa mutane da kayansu, ya roƙi mai shayin layinsu da mai aski su bar shi ya rataya ƙaramin allo a cikin rumfunansu, yana wanke musu tawul kyauta. Allon ƙofar shagonsa kuma ya je ya biya kuɗinsa, rasit ɗin na nan a cikin leda a maƙale bayan teburin guga.