Kada a ajiye allurar insulin don mara lafiya ya kasa cin abinci

Magana ɗaya nake ta ji daga bakin masu jinya idan an kawo mai ciwon suga a galabaice: "Ai ba ya cin komai, shi ya sa muka dakatar da allurar." Zazzaɓi ko amai ya hana shi ci, sai 'yan'uwa suka yanke hukunci da kansu. Na san tausayi ne ya sa, amma wallahi abin nan yana ɓata mini rai.

Jama'a, jiki ba ya hutawa don baki ya daina tauna. Ƙwayoyin halittarmu suna ƙona makamashi dare da rana, abin da suke fara nema kuwa shi ne sugan gulukos. Ko ba a ci komai ba, hanta tana zuba suga cikin jini, rashin lafiya ma ƙara shi yake yi. Insulin ne ke buɗe masa ƙofa ya shiga tsoka. Idan aka janye allurar, suga ya yi ta taruwa a jini, ƙwayoyin kuma na fama da yunwa. Daga nan sai jiki ya faɗa wa kitse, ya taɓa tsoka ma. Kitse ya fi ƙarfi, giram ɗaya yana ba da kalori 9, suga kuwa 4. Sai dai idan babu insulin, hanta kan narka kitsen ba ƙaƙƙautawa, ta cika jini da sinadarin kiton har jinin ya yi tsami. Cikin yini guda mutum na iya suma, musamman mai ciwon suga nau'i na 1, wanda jikinsa ba ya samar da insulin.

Wa ya ce ku dakatar? Likita ne? To me ya sa?

Alamun wannan tsamin jini ba ɓoyayyu ba ne: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na ƙamshi kamar na 'ya'yan itace.

Idan mai ciwon suga ya kwanta ciwo:
- A ci gaba da allura. Rage ta ko ƙara ta aikin likita ne, ku kira shi.
- A auna suga duk awa 3 zuwa 4.
- Ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai.
- Suga ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, a ba shi abin sha mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15.
- Suga ya haura 240 mg/dL, a gwada kiton.
- Amai ya ƙi tsayawa ko ya fara ruɗewa, asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne.