Midiya Kanbata Mai Baki: Ma'anarta da Abin da Ya Raba Ta da Bebiya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye na'urorin intanet a banki, ko asibiti, ko wata babbar ma'aikata, zai iya tuna wata 'yar na'ura mai kama da akwatin ƙarfe, girmanta bai wuce tafin hannu ba, an maƙala ta a bango ko an ɗora ta kan suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin wurin da juna. Waya biyu ke shiga jikinta. Ɗaya mai ɗan kauri ce, irin wadda ake soka wa kwamfuta, ɗayar kuma siririya, galibi ruwan ɗorawa. A jikin kwalinta "media converter" ake rubutawa, masu sana'ar kuwa midiya kanbata suke cewa, wasu su taƙaita su ce kanbata.

Aikinta aikin tafinta ne. Wayar farko ta jan ƙarfe ce, kuma da lantarki take ɗaukar saƙo. Ta biyun ita ce faiba, zaren gilashi ne wanda haske ke bi ta cikinsa. Kanbata na karɓar saƙo da harshen lantarki ta mayar da shi harshen haske, ta kuma karɓo amsar ta juya ta. Ba ta duba abin da saƙon ya ƙunsa, ba ta zaɓa masa hanya, miƙawa kawai take yi.

Abin da ya sa ake buƙatarta shi ne wayar jan ƙarfe ba ta da nisan zango. Ƙa'idar Itanet, wato tsarin haɗa kwamfutoci da waya, wadda cibiyar injiniyoyi ta IEEE ke tsarawa ƙarƙashin lamba 802.3, ta tsayar da iyakar irin wannan waya a mita 100. Da ka wuce nan, saƙo ya fara raunana. Faiba kuwa iri biyu ce. Akwai mai faɗin ciki, maikuron 50 ko 62.5 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wadda a gudun gigabit ɗaya, wato megabit 1,000 a daƙiƙa, ke kai wa mita 550 in mai kyau ce. Akwai kuma mai ƙunci, wajen maikuron 9, wadda ke cin kilomita 10 cikin sauƙi, har 40 ko 80 in an sa mata fitila mai ƙarfi. Sannan gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Wanda ya taɓa haɗa gini biyu da wayar jan ƙarfe a sarari, damina ta zo aradu ta faɗi kusa, ya wayi gari suwic biyu sun ƙone, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne kanbata ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa a kasuwa, mai araha, ita ce nake kira bebiya. Ka soka wuta, ka soka wayoyi, ta kama aiki. Duk abin da take iya faɗa maka yana jikin 'yan fitilunta kore guda biyar ko shida: ta wuta, ta ɓangaren faiba, ta ɓangaren jan ƙarfe, da mai ƙyaftawa idan saƙo na wucewa. Sai ka tsaya a gabanta da ƙafarka kafin ka san halin da take ciki. Ɗayar, wadda 'yan kasuwa ke rubuta wa "managed", tana da ƙaramar ƙwaƙwalwa da manhaja a cikinta. Ana iya tambayarta daga nesa ta amsa, a ba ta umarni ta bi, kuma idan wani abu ya same ta ita da kanta take kai ƙara. Wannan ce mai baki.

A ɗauka kamfanin da ke sayar da intanet yana da cibiya a tsakiyar gari, ya ja faiba zuwa reshen wani banki mai nisan kilomita 15. Ƙarfe goma na safe layi ya ɗauke, manaja ya kira yana faɗa, mutane sun yi cincirindo a bakin kanta. Abubuwa aƙalla huɗu ne za su iya jawo haka: an ɗauke wuta a reshen kuma inbata ta mutu, ko masu aikin titi sun tsinke faiba da katafila, ko wayar da ke tsakanin kanbata da rawutar bankin, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya, ta zare, ko fitilar laser da ke harba haske cikin faiba ta gaji. Idan bebiya ce a can, duk huɗun kamarsu ɗaya a idon wanda ke cibiya. Dole a tashi ma'aikaci da mota da mai, ya ratsa cunkoso, wataƙila ya tarar an zare filogin ne an sa cajar waya.

Mai baki tana raba waɗannan huɗun tun kafin kowa ya tashi daga kujerarsa. Dabarar da ta fi burge ni a cikinta ita ce wadda ake kira numfashin ƙarshe. A cikin na'urar akwai ɗan abin da ke riƙe ragowar lantarki na ƙasa da ƙiftawar ido. Da wuta ta yanke, sai ta yi amfani da wannan ragowar ta harba saƙo guda ɗaya ta cikin faiba: wuta ta ɗauke mini. Idan wannan saƙon ya iso kafin layi ya mutu, an san matsalar ta lantarki ce, sai a kira bankin a ce su duba janareta. Idan kuwa haske ya ɓace shiru babu sallama, zargi ya koma kan faiba, sai a tura masu ɗinkin faiba. Wannan dabara na cikin ƙa'idar 802.3ah da aka amince da ita a 2004. A ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, ƙari ce kawai. A wurinmu, inda ɗaukewar wuta da tsinkewar waya duk abin yau da gobe ne, ita kaɗai ta isa ta biya kuɗin na'urar.

Abu na biyu shi ne awon haske. Yawancin kanbatocin zamani suna da rami da ake zura wata 'yar na'ura mai tsawon ɗan yatsa, SFP, wadda ita ke ɗauke da fitila da idon karɓar haske. Masu kyau daga cikinsu suna faɗin zafin jikinsu, da ƙarfin hasken da suke fitarwa, da wanda ke iso musu, a ma'aunin dBm. Bebiya ba ta da hanyar isar maka da waɗannan alƙaluma, mai baki kuwa tana nuna su a allonka. Duk raguwar 3 a ma'aunin na nufin rabin hasken ya tafi. Misali, layin da aka kafa yana karɓar -9, bayan wata uku ya koma -13, yanzu yana -17, alhali idon SFP ɗin ba ya gani sosai in an gangara wajen -19 ko -20. Layin bai mutu ba tukuna, amma yana hanya. Wataƙila wani ya lanƙwasa wayar da ƙarfi a bayan kabad, ko ɗinkin da aka yi a cikin rami ya fara shan ruwa, ko ƙurar hunturu ce ta kwanta a bakin mahaɗin. Ƙwayar ƙura ɗaya babba ce a kan ƙofar da faɗinta maikuron 9 ne, shi ya sa nake jin zafi in na ga an cire 'yar hular robar da ke rufe bakin faiba an yar a ƙasa. Wanda ke kallon alƙaluman zai tura a goge mahaɗin ranar Asabar, ba sai layi ya faɗi ranar biyan albashi ba.

Akwai kuma wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba. Idan faiba ta tsinke, ɓangaren jan ƙarfe na iya ci gaba da nuna kore, saboda tsakanin kanbata da rawuta lafiya lau ne. Rawutar sai ta zaci hanya na nan, ta yi ta zuba saƙo a rami, ta yi jinkirin komawa layin ko-ta-kwana da aka tanada. Maganin shi ne a sa kanbata ta kashe ɓangare ɗaya da gangan duk lokacin da ɗayan ya mutu. Gaskiya wasu bebaye ma suna da wannan, ta wani ɗan maɓalli a gefensu, amma a mai baki daga nesa ake kunna shi a kuma tabbatar yana aiki.

Ga kamfanonin sadarwa, kanbata mai baki ita ce kan iyaka. Daga cibiya zuwa bakinta na kamfani ne, daga bakinta zuwa ciki na mai saye ne. Idan gardama ta tashi, ana iya umartar ta ta mayar da duk saƙon gwaji da aka aiko mata, a ƙirga abin da ya dawo. In ya dawo cif, laifin yana cikin ginin. A nan ne kuma ake ƙayyade gudu, wanda ya biya megabit 50 a ba shi 50 ko da wayar na iya ɗaukar 1,000, a kuma raba zirga-zirgar ma'aikatu da wata alama da ake liƙa wa saƙon kowacce, VLAN, don kada su cakuɗe. A cibiyar, ba a jera akwatuna barkatai. Kati-kati ake zura su a cikin babban gida mai ramuka goma sha wani abu, mai hanyar wuta biyu, kuma kati ɗaya na lura da sauran duka. Harshen da suke kai rahoto da shi, SNMP, tun 1988 yake.

Kada a rikita ta da akwatin da masu intanet na faiba ke kawowa gidaje. Wancan yana raba zare ɗaya ne da gidaje 32 ko 64. Kanbata layi ne na mutum ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan.

Sai dai duk na'urar da ke amsa kira daga nesa, ɓarawo ma zai iya kiran ta. Da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri da kowa ya sani, kuma haka ake barin su shekara da shekaru. Tsofaffin nau'o'in SNMP da hanyar shiga na'ura daga nesa ta Telnet suna aika kalmar sirri a fili, duk wanda ya kasa kunne a layin zai karanta. Wanda ya shiga kanbatar reshen banki zai iya kashe layin da dannawa ɗaya. Don haka ranar da aka kafa ta, ranar ake canza kalmar sirri, a rufe Telnet a koma SSH mai ɓoye abin da aka aika, a yi amfani da SNMP nau'i na 3 mai ɓoye saƙo, a ware hanyar sarrafawa daban da ta masu amfani. Wanda ba zai yi wannan ba, gara ya zauna da bebiyarsa.

Tana da iyakarta kuma. Idan faiba ta tsinke, wadda ke can nesa ta yi shiru ke nan har sai an ɗinke, domin ta wannan zaren take magana. Ba za ta gaya maka a kilomita na nawa aka yanke ba, wannan aikin na'urar awo ce ta OTDR.

A ganina, ba ko'ina ya cancanci kuɗinta ba. Tsakanin ofis da ɗakin mai gadi, inda za ka taka cikin minti biyu, bebiya ta wadatar. Idan suwic ɗinka na da ramin SFP kuma shi ma ana sarrafa shi daga nesa, ka zura faiba kai tsaye, ka rage na'ura ɗaya da cajarta, wadda sau da yawa ita ke fara lalacewa. Amma duk inda zuwa duba fitila zai ci mota da rabin yini, ko inda akwai yarjejeniyar biyan diyya idan layi ya daɗe a kwance, mai baki za a sa. Idan kuma zare ɗaya za a yi amfani da shi wajen kai da kawowa, a tuna su biyu ake saye, A da B: kowacce da nata nau'in hasken, ɗaya na aikawa da na nanomita 1310 tana karɓar na 1550, ɗayar kuma akasin haka. Idan aka sa A a duka ɓangarorin biyu, fitilar faiba ba za ta taɓa kamawa ba.