Me ake nufi da fim ɗin kan hanya?

Masu sharhin fina-finai kan kira wani fim "road movie", wato fim ɗin kan hanya. Ganin mota a fim bai isa a ba shi wannan suna ba. Sai tafiyar ta zama ƙashin bayan labarin: mutum biyu ko uku su bar gida, hanya ta yi ta jefa su cikin abin da ba su shirya masa ba, kafin su sauka halinsu ya sauya. Garin da suka nufa ma sau da yawa ba shi ne abin kulawa ba.

Marubuta na son salon nan domin cikin mota babu maɓoya. Wanda kuke gaba da shi yana kujerar gefenka, ba damar ka tashi ka bar masa wurin. Maganar da aka binne shekaru dole ta fito.

Tsohon salo ne. A fim ɗin Amurka It Happened One Night na 1934, 'yar attajiri ta tsere wa mahaifinta, ta haɗu da ɗan jarida a motar safa mai zuwa New York, faɗa ya rikiɗe ya koma so. Indiyawa sun sake wannan labari a Chori Chori na 1956, da kuma Dil Hai Ke Manta Nahin na 1991 da Aamir Khan ya fito.

Amma wanda ya haɗa soyayya da abota da gane kai wuri guda shi ne Zindagi Na Milegi Dobara, wanda Zoya Akhtar ta ba da umarni a 2011. Abokai uku suka zaga Sifaniya gabanin bikin auren ɗayansu, Kabir, da sharaɗin kowa ya zaɓi wasan kasada ɗaya da dukansu za su yi. Arjun, wanda neman kuɗi ya hana shi sakat, tsoron ruwa yake, sai ga shi a ƙarƙashin teku da Laila, mai koyar da nitso. Imran a ɓoye mahaifinsa na asali yake nema. Shi kuwa angon, sai a hanya ya iya faɗin cewa auren bai kwanta masa ba.

Aibin irin waɗannan fina-finai, a ganina, yawancin matafiyan masu hannu da shuni ne, ba ka jin ana zancen kuɗin mai. Idan marubuci ya yi sakaci kuma, sai fim ya tashi daga labari ya koma tallan wuraren shaƙatawa.